Gidan da Masu Jinya Ke Tafiyarwa da Kansu

Taɓin hankali cuta ce kamar sauran cututtuka. Tana kama namiji da mace, tana kama mai kuɗi da talaka. Wani damuwa ce ke danne shi har ya kasa tashi daga shimfiɗa. Wani muryoyi yake ji waɗanda babu mai jin su sai shi. Da yawa suna samun sauƙi idan sun sami magani da kulawa, su koma gona ko kasuwa ko ofis.

Amma akwai abin da magani ba ya gyarawa. Da zarar an san mutum ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, sai a daina neman shawararsa. A gida a yanke magana a kansa yana zaune. A asibiti a yi ta tambayar wanda ya rako shi, shi kuwa sai ido. Har ƙungiyoyin da aka kafa domin taimakonsa, sau da yawa babu irinsa ko ɗaya cikin masu jan ragamarsu. A wannan darasi za mu ga wani gida da ya ƙi bin wannan hanya.

A jihar New York ta Amurka akwai wani babban asibitin ƙwaƙwalwa mai suna Rockland. A shekarun 1940 wasu majinyata suka shaƙu da juna a can. Da aka sallame su, sai suka tarar ba aiki, ba abokai, wasu ma dangi sun juya musu baya. Suka ci gaba da haɗuwa a bakin matakalar babban ɗakin karatu na birnin New York. Suka sa wa ƙungiyarsu suna mai ma'anar "Ba Mu Kaɗai Ba Ne". Wanda ya riga fitowa shi ke taimakon sabon fitowa ya sami ɗaki da abin yi. A 1948, da taimakon wasu masu hali, suka sami gida nasu. Akwai maɓuɓɓugar ruwa a tsakar gidan, shi ya sa ake kiransa Fountain House.

A 1955 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a, John Beard, ya zama shugaban gidan. Shi ne ya buɗe shi da rana, ya kuma sa masu jinya su riƙa yin aikin gidan tare da ma'aikata. Daga nan tsarin ya kafu, ya bazu. Yau akwai gidaje irinsa sama da 300 a ƙasashe fiye da 30.

Ga yadda ake yi. Duk wanda ya shiga, mamba ne. Shi ke zuwa don kansa, babu mai tilasta masa, kuma ba a yanke masa ranar fita. Da safe mambobi da ma'aikata su zauna su raba aikin yini. Wasu su shiga ɗakin girki, wasu su amsa waya, wasu su riƙe littafin kuɗi, wasu su kira waɗanda aka kwana biyu ba a gani ba, a ji ko lafiya. Ba a ba da magani a gidan. Magani aikin likita ne, mamba yana zuwa asibitinsa kamar kullum.

Dokoki biyu na gidan sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko, ma'aikata ba sa rufe ƙofa su yi taron yanke shawara su kaɗai. Kowane taro a buɗe yake ga mamba da ma'aikaci, kuma babu ɗakin da aka ce na ma'aikata ne zalla. Ta biyu, da gangan ake rage yawan ma'aikata, yadda aiki ba zai yiwu ba sai da hannun mambobi. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai. Idan mamba bai zo ba, abincin rana zai makara, waya za ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Mutumin da ya shekara yana jin cewa shi nauyi ne ga kowa, yau ga shi ana jiransa, ana tambayar inda ya shiga. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya farka da safe ya san akwai inda ake bukatarsa.

Gidan yana kuma nemo wa mambobi aikin albashi a kamfanoni, na rabin yini, na wata shida zuwa tara. Ranar da jiki ya hana mamba zuwa, gidan ne zai tura wani ya riƙe masa wurin. Da haka mai kamfani ba ya jin tsoron ɗaukarsa.

Wani zai ce wannan sai Amurka. A'a. A arewacin Ghana, wajen Tamale, ƙungiyar BasicNeeds ta taimaka an kafa ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai da kai na masu taɓin hankali da masu farfaɗiya da masu kula da su. Su ke zaɓen shugabanninsu, su ke tara 'yan kuɗinsu, su ke zuwa gaban hukuma su faɗi bukatunsu. A Nijeriya, Hauwa Ojeifo, wadda ta fito fili ta ce tana fama da wannan lalura, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016. A 2020 ta tsaya gaban 'yan Majalisar Tarayya ta yi magana a kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. An sa wa sabuwar dokar hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958 wadda aka gada daga zamanin Turawa.

To, idan ciwon ya tashi fa, alhali mutum yana riƙe da muƙami? Tambaya ce ta gaskiya, kuma tana da amsa. Mai hawan jini ma yakan kwanta, ba a korarsa daga kwamiti saboda haka. Kowane muƙami a yi masa mataimaki. Tun mutum yana cikin lafiyarsa a zauna da shi, ya faɗi wanda zai riƙe masa aiki da wanda za a kira idan jikinsa ya motsa. In ya warware, a mayar masa da kujerarsa. Kuɗi kuwa kada su fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku, kamar yadda kowace ƙungiyar kirki take yi, ko ma'ajinta wane ne. Sirrin jinyar mamba kuma amana ce, ba a fita da shi waje.

A kula da wani abu. Akwai ƙungiyar da za ta sa mai jinya ɗaya a kwamiti don baƙi su gani, a ɗauki hoto, amma an gama shawara tun kafin ya iso. Wannan an mai da shi ɗan amshin Shata ne kawai. Shiga ta gaskiya ita ce ya san abin da za a tattauna kafin ranar taro, a yi magana da harshen da yake ji, a ba shi kuɗin mota idan ba shi da shi, ya ga lissafin kuɗi, kuma ƙuri'arsa ta yi daidai da ta kowa. Zai fi kyau su zama biyu ko uku, don mutum ɗaya a tsakiyar likitoci da manya yakan ji nauyin buɗe baki.

Nan ne karatu da rubutu suke da rana. Wanda ya iya karanta takardar taro da littafin kuɗi, da wuya a sa shi ya dangwala hannu a kan abin da bai sani ba. Idan a gidanku ko unguwarku akwai wanda ya yi wannan jinya ya sami sauƙi, ku gayyato shi ajin koyon karatu da rubutu, ku ba shi wurin zama kusa da ku. Idan kuma akwai ƙungiyar taimakon masu taɓin hankali a garinku, ku je ku tambaya: mutum nawa ne cikin kwamitinta suka taɓa yin jinyar da kansu, kuma ana ƙirga ƙuri'arsu?