Idan Likita Ya Miƙo Maka Takardar Tambayoyi

Mai ciwon damuwa ba ya rabuwa da muryar da ke gaya masa bai tsinana komai ba, gobe ma ba za ta fi yau ba. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya lura wannan mummunan zato yana faɗa wa abu uku: mutum kansa, duniyarsa, da abin da ke gabansa. Daga nan aka tsara takardun auna shi. Wadda Hollon da Kendall suka fitar a 1980 tana da jimloli 30, marar lafiya ya ba kowacce maki daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda ta riƙa zo masa a rai a makon da ya wuce. In aka ba ka irinta, cika ta tsakaninka da Allah, ka sake cikawa bayan 'yan makonni. Dalili kuwa, ciwon yana gurɓata tunawa: mutum na samun sauƙi amma ya rantse babu abin da ya canja, sai an jera masa makin da da na yanzu.

Wani zai ce zuciya ba hatsi ba ce balle a sa mata mudu, kuma kunya kan sa mutum ya rage amsa. Haka ne, shi ya sa maki kaɗai ba ya tabbatar da ciwo. Hira da likita ke yin wannan, takardar tana nuna masa inda zai fara tambaya. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa da harshensa, ba a gaban dangi ba. In tunanin kashe kai ya shigo, kada a jira maki, a nufi asibiti a ranar.