Filin Inna: Ƙurajen da Ke Tafiya Suna Dawowa

Inna, ni matar aure ce a Mabera, shekarata 27. Bara wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mini a gaba, ga zazzaɓi, ga kaluluwa, fitsari ma sai da hawaye. Likita ya ce cutar hapis ce, ya ba ni magani na warke. Tun daga nan sun dawo sau huɗu, ko da yake ba su kai na farko zafi ba. Maigidana kuwa ko ƙurji ɗaya bai taɓa yi ba. Shi ke kwaso mini daga waje, ko maganin ne bai karɓe ni ba? Na fara zarginsa, shi ma yana yi mini wani kallo.

Ɗiyata, ki fara ajiye zargin nan tukuna. Dawowar ƙurajen ba ta nufin an sake sa miki cutar. Ƙwayar hapis idan ta shiga jiki ba ta fita. Takan laɓe a jijiyoyin da ke gindin ƙashin baya, ta yi lamo, can kuma ta biyo jijiya ta fito a fata. Zazzaɓin cizon sauro, gajiya, damuwa ko zuwan al'ada duk suna iya tayar da ita.

Ƙwayar iri biyu ce. Mai suna HSV-2 ita ce mai naci, takan dawo kamar sau huɗu ko biyar a shekarar farko, wasu ma fiye. HSV-1, wadda aka fi sani da ƙurajen gefen baki, idan ta sauka a al'aura da wuya ta wuce sau ɗaya a shekara. Ke nan naki huɗun ba abin firgita ba ne, kuma yawanci suna raguwa da tafiyar shekaru. Tashin farko shi ne mai wuya, yakan kai mako biyu zuwa huɗu. Na baya kan warke cikin kwana bakwai zuwa goma.

Lafiyar fatar maigidanki kuwa ba ta wanke shi, ba ta kuma kama shi. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba su san suna da ita ba. Wani ɗan ƙaiƙayi kawai yake ji, wata 'yar tsaga take gani ta ɗauka ciwon sanyi ne. Mutum na iya ɗaukarta tun shekaru kafin aure, kuma ba a cika duba ta a gwajin da ake yi kafin ɗaurin aure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ne ke da HSV-2. Ba ke kaɗai ba ce.

Ki lura da jikinki. Kafin ƙurajen su fito akan ji tsikari, ƙaiƙayi ko zogi mai sauka ta ɗuwawu zuwa cinya. Nan ne maganin Acyclovir ya fi amfani, kuma daga nan a dakatar da kwanciyar aure har fata ta warke sarai. Idan tashin ya dame ki, likita na iya ɗora ki kan maganin kullum, wanda ke rage dawowar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Masu lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa za su fitar da cutar da saiwarta, ki riƙe kuɗinki. Kada kuma ki cusa komai a wurin, ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya isa.

Idan kika sami ciki, ki gaya wa ma'aikatan awo tun ranar farko, domin akan fara magani daga mako na 36 don kare jariri. Ku je tare da maigidan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a haɗa da gwajin HIV, ya ji bayanin nan daga bakin likita. In kina da abokiyar zama, ita ma tana da haƙƙin a duba ta. Allah Ya ba ki lafiya.