Yadda Ake Haɗa Kantar Bulo da Falanki a Ɗakin Haya

Duk matar da ta taɓa zama a ɗaki ɗaya cikin gidan haya ta san yadda shara kaɗai take cinye safiya. Kafin tsintsiya ta kai lungu sai an ɗaga buhun shinkafa, an ja jarkar manja, an matsar da kwandon kwanuka, an tattara takalman yara. Na yi shekaru a irin wannan ɗaki a Kano ina ɗora wa ƙanƙantarsa laifi, sai daga baya na lura komai namu a ƙasa yake zube, bango kuwa daga tsayin gado har rufi fayau. Kakata ba haka ta zauna ba, ga shi ɗakinta bai kai nawa ba. Ƙwaryar nono tana ragaya, fitila tana alkuki, tufafi suna cikin adudu. Daɓen ɗakin na tabarma ne da sallah.

Ɗan haya dai ba shi da ikon huda bango yadda ya ga dama. Wani mai gidan tun ranar karɓar makulli zai ja kunne a kan ƙusa, wani ginin kuma guduma ɗaya ce za ta zubo da filasta. Kabad ɗin kafinta yana da tsada, ranar tashi kuma sai an yi dambe da shi a bakin ƙofa. Shi ya sa nake son wannan kanta: bulo shida, falanki ɗaya, kuma babu abin da zai taɓa bangon mai gida.

Ki fara da awo kafin ki kashe ko sisi. Nemi bangon da yake da fili na ƙafa 4, ba bayan ƙofa ba, ba kuma wanda yake jiƙewa da damina ba. In babu tef ɗin awo, ari na tela. Kantar za ta shigo cikin ɗaki da kamar ƙafa 1, don haka ki tsaya a wurin ki tabbata za a iya wucewa, kuma ƙofa za ta buɗe har ƙarshe.

Sai sayen katako, kuma a nan ne ya kamata a nutsu. A kasuwar 'yan katako, irin ta Na'ibawa, falankin da ake nema shi ne mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Kada maigida ko ɗan aike ya karɓi na saman tari don kawai shi aka miƙo. A ɗaga shi, a sa ido ɗaya a bi gefensa daga wannan kai zuwa wancan. In ya lanƙwashe ko ya murɗe, a ajiye. A duba ko akwai ƙananan huji masu zubar da gari, wannan alamar ƙwaro ne a ciki. A kuma guji ɗanye, mai sanyi da nauyi a hannu, domin yana shan iskar hunturu zai karkace ya tsage. Jan katako ya fi ƙarfi da ƙarko, farin ya fi araha da sauƙin ɗauka. In na abinci da tukwane za a ɗora, ni ja nake zaɓa ko da zan ƙara kuɗi. Tun a kasuwar a sa masu inji su goge shi, su yanka shi gida uku daidai, kowane ƙafa 4. Hakan ma ya sauƙaƙa dako, tunda falanki mai ƙafa 12 ba ya shiga a-daidaita-sahu.

Daga gidan bulo kuma a sayo mai inci 6 guda biyu, da mai inci 9 guda huɗu. Dukkansu tsawonsu inci 18 ne. A zaɓi waɗanda suka sha ruwa suka bushe sosai. Ki karce gefen da farce ko makulli: in yashi ya riƙa zuba, an yi rowar siminti, kuma haka zai yi ta zubar miki da ƙasa a ɗaki.

In kaya sun iso, a yi aikin datti a tsakar gida. Goge bulon da burushi mai tauri, ki shafa masa fenti sau biyu, har cikin ramukansa. Ragowar fentin da maƙwabci ya rage ya isa. Falankin a bi gefensa da sanfefa don kada ya tsage hannu ko ya ja zare a tufafi, sannan a shafa masa fentin mai ta kowace fuska, musamman bakin da aka yanka, inda danshi ya fi shiga. Za a ba ki shawarar shafa baƙin man mota don gara. Kada ki yarda. Wannan na katakon rufi ne, ba na ɗakin da ake kwana ake ajiye abinci ba. A bar komai a waje har warin fenti ya fita.

Haɗawar kanta ba ta kai rabin sa'a ba. Shimfiɗa guntun leda ko kwali mai kauri inda bulo zai zauna, don kada ya karce daɓe ko tayil. Kwantar da masu inci 6 ɗin a kan faffaɗan gefensu, tsawonsu yana bin bango, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ki bar tazarar yatsu biyu tsakaninsu da bango domin iska. Ɗora falanki na farko. Yanzu kayanki sun tashi daga ƙasa da inci 6, ruwan wanki ko na sama da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba zai same su ba. Kafin ki ci gaba, ɗora faranti da ɗan ruwa a tsakiyar falankin. In ruwan ya taru gefe guda, cusa guntun tayil ko kwali ninki biyu ƙarƙashin bulon ɓangaren har ya daidaita. In ma za a sami karkata, gara ta zama ta wajen bango.

Sai ki tsayar da masu inci 9 guda biyu a kan falankin, kowane daidai saman na ƙasa, ramukansu suna kallonki. Ɗora falanki na biyu, ki danna shi da hannu biyu ki girgiza. In ya yi motsi, nemi inda bai zauna ba ki gyara. Sauran bulo biyun su hau daidai saman 'yan'uwansu, falanki na uku ya rufe. Tsayin duka bai cika ƙafa 4 ba.

A nan ina roƙonki ki saurare ni da kyau. Bulo yana da nauyin da zai iya karya ƙafar babba, balle yaro, kuma babu abin da ya riƙe wannan kanta sai nauyinta. In kina da mai rarrafe ko mai tatata, ko yaron da ba ya ganin tudu ya ƙyale, ki tsaya a hawa biyu. Falanki na uku ki sa shi ƙarƙashin gado a kan bulo biyu kwance, akwatuna su hau. In kuma yaran sun yi hankali kika yi hawa uku, ki zura igiya mai ƙarfi ta ramin bulon sama ki ɗaure a ƙarfen taga in yana kusa. Hawa huɗu kuwa ban yarda da shi ba ko a ɗakin gwauro.

Wajen jere, mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Hawan ƙasa yana ɗaukar manyan bokitai masu murfi, na shinkafa, gero, garin tuwo da wake. A Ƙofar Wambai ana samun sababbi, robar kastad da aka wanke ma tana yi. Bokitin fenti ki bar wa gawayi, omo da tarkace, kada abinci ya shiga cikinsa komai wankin da ya sha. Wake a shanya shi ya ji rana, a jefa busasshen barkono a ciki, a rufe ruf. Albasa da dankali kuwa kwando suke so, rufi yana ruɓar da su. Hawan tsakiya na tukwane da kwanuka ne, na sama kuma na kofuna, kwalaben yaji, kuka, kuɓewa da daddawa. Ramukan bulo su ne mazaunin ludayi, muciya da maburgi, amma ki riƙa leƙa su, kyankyaso yana son irin wannan duhu. Kananzir, maganin sauro da magungunan asibiti ba su da wuri a wannan kanta, a nema musu inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Saura labule, saboda ƙurar hunturu. Tsohon zanen atamfa ya isa. Tela ya kalmashe bakinsa na sama, ki zura igiya, ki buga ƙananan ƙusa biyu a gefen falankin sama ki ɗaure. Da damina, duk mako biyu ki haska bayan kantar da fitilar waya. In kika ga siririn layin ƙasa yana hawa bango ko bulo, gara ce ta iso: sauke kayan, kankare layin, fitar da falankin ya sha rana, ki nemo inda ta ɓullo a toshe da siminti kafin a mayar.