Darasin Sana'a: Ƙaramin Tebur Daga Gungumen Itace

Kowace damina iska takan ka da itatuwa a ƙasar Daura, daga Sandamu har Mai'adua. Yawancinmu mukan faskare su don murhu. Amma yanki ɗaya na gungume zai ba ka ƙaramin tebur na ajiye fitila ko shayin baƙo, wanda zai daɗe a gidanka.

Da farko, kada ka sare itace mai rai saboda tebur. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, kuma inda itatuwa suka ƙare iska takan kwashe ƙasar gona. Nemi wanda ya faɗi da kansa, ka nemi izinin mai shi.

Wane itace? Darbejiya da maɗaci suna da kyau, gara ba ta cika damunsu ba. Kirya ta fi su ƙarfi, shi ya sa ake turmi da ita, sai dai tana gajiyar da zarto. Kuka ba ta yi, gama cikinta taushi gare shi.

Ga yadda ake yi:

1. Yanke faifai mai kaurin inci 3, faɗinsa wajen ƙafa 2. Ɓare ɓawon, domin nan ƙwari suke ɓuya.

2. Shanya shi a inuwa. Nan ne mutane da yawa suke hasara. Itace yakan tsuke sa'ad da yake bushewa, kuma gefensa ya fi tsakiya tsukewa. In ka bar shi a rana ko iskar hunturu, zai tsage har cibiya. Shafa fenti ko kakin zuma a fuska biyu, ka ɗora shi bisa duwatsu cikin ɗaki, kana juya shi kowane mako. Riƙa auna shi a sikeli. Ran da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe. Wannan yakan ɗauki watanni, amma sannu ba ta hana zuwa.

3. Daidaita fuskar da gizago, ka kankare ta da fasasshiyar kwalba, sa'an nan ka goge da sanfefa. In ƙaramar tsaga ta fito, cika ta da garin katako haɗe da gam.

4. Huda ramuka 3 a ƙarƙashi, zurfin inci 2, a ɗan karkace zuwa waje. Maƙeri zai iya huda maka da jan ƙarfe kamar yadda yake yi wa ƙota. Kafa ƙafafu masu tsawon inci 16. Ƙafa uku, kamar duwatsun murhu, ba sa girgiɗi ko daɓe bai daidaita ba.

5. Shafa man kaɗe ko kakin zuma, ka goge da tsumma.

Abin yi: damina mai zuwa, dasa itace biyu a madadin wanda ya faɗi, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki.