Ga Ɗan Jazira Mai Son Tuƙin Jirgin Sama: Abin Yi da Abin Bari

Yaron da ya girma a Mai Wurno, ko a wani kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, na wajen Hasahisa da Managil, ba a talabijin ya fara ganin ƙaramin jirgin sama ba. A kan hawasha, wato gonar auduga, ya gan shi, yana shafar kan tsiro yana zuba maganin ƙwari, ya miƙe sama a ƙarshen gona, ya juyo kamar ba komai. Shekaru da dama matuƙa daga ƙasashe irin su Polan suna zuwa aikin feshi a Jazira ta Sudan, kuma da yawa cikin samarinmu a nan sha'awar tuƙi ta shiga zukatansu. Yau wasu na haɗa kuɗin makaranta, wasu idonsu na kan kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, wasu Masar suke hari. Da ku nake, ƙannena, kuma ba zan tausasa murya ba, domin magana ce ta rai.

Ka fara cire wannan daga ranka: wai ƙaramin jirgi akwatin gawa ne. Cessna 172, wanda aka fi koyon tuƙi da shi a duniya, tun 1956 ake sayar da shi, an ƙera fiye da 44,000, kuma jirgi ne mai haƙuri da ɗan koyo. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa kuma ake bin diddigin kowane haɗari, lissafin shekara bayan shekara yana nuna abu guda: kashi biyu cikin uku ko fiye na haɗurran daga hannun matuƙi suke, ba daga inji ba. Haɗarin sauka ya fi kowanne yawa, amma galibi ƙarfe yake lanƙwasawa, mutum ya fito da ƙafarsa. Wanda yake kai mutum kabari shi ne jirgi ya kuɓuce wa matuƙi a sama, kusa da ƙasa. Kusan duk abin da zan faɗa a kan wannan yake.

Kada ka zo shawagi a kan gidanku. Na sa wannan a gaba domin na san zuciyar saurayi. Ranar da aka fara barinka ka tashi kai kaɗai, abin da zai fara zo maka shi ne ka bi bakin kogi, ka sauko ƙasa-ƙasa, inna ta fito tsakar gida ta gan ka, yara su bi inuwarka da gudu. Idonka na kan rufin ɗaki, hannunka na jan sitiyari ba ka sani ba, gudu na raguwa, jirgi na karkata. Fuffuke yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa salin alin. Da hanci ya ɗagu fiye da kima, iskar ta tsinke, fuffuke ya saki. A miƙe, Cessna 172 yana sakin iska a wajen kilomita 90 cikin awa. Ka karkata shi digiri 60 kana riƙe da tsayinka, nauyin da ke kan fuffuke ya ninka biyu, kuma zai saki tun yana kusan kilomita 125. Wato gudun da ya ishe ka ɗazu, a cikin kwana bai ishe ka ba. In wannan ya same ka a mita dubu, ka tura sitiyari gaba, ka ƙara wuta, ka daidaita fukafukai, ka ci gaba da tafiya. In ya same ka a mita hamsin a kan ƙauye, iyayenka ne za su tattara ka, kuma wataƙila ka faɗa kan ɗakin maƙwabci. Kada ka ce ai matuƙin feshi yana yi. Shi ya shekara yana wannan aiki, ya zagaya gonar tukuna ya haddace kowace waya da kowace bishiya, jirginsa don haka aka ƙera shi, kuma duk da haka waya tana cin masu feshi. Manyan wayoyin wuta da suka taso daga madatsar Rusairis suka bi ta Sinnar suka nufi Hartum ba sa ganuwa daga sama sai an zo kansu. Turakun za ka nema, ka ɗauka akwai waya tsakanin kowane biyu.

Kada ka tilasta wa jirgi kwanar ƙarshe ta sauka. Wannan kwana ta kashe ɗalibai da malamansu a ko'ina. Iska ta tura ka ka zarce layin titi, kunya ta kama ka, ka taka feda don ka jawo hanci da ƙarfi, ka ja sitiyari. Fuffuken ciki ya saki kafin na waje, jirgi ya kife ya shiga juyi, kuma tsayin da ya rage bai kai na ceto ba. In ka zarce, ka ƙara wuta ka sake zagayowa. In ka zo da gudu fiye da kima, ka sake zagayowa. In tayoyi suka daki ƙasa jirgi ya yi tsalle, kada ka danna hanci ƙasa don ka manna shi, tayar gaba za ta karye, farfela ta ci titi. Ka sake zagayowa. Babu malamin kirki da zai yi maka faɗa a kan haka. Wanda ya yi maka dariya don ka zagaya, ka nemi wani malami.

In inji ya mutu kana tashi, kada ka juya ka koma fili. Ka sauke hanci nan take, ka zaɓi wuri a gabanka ko ɗan gefe, ka sauka. Irin waɗannan jirage, ba inji, sukan ci wajen mita tara gaba a kowace mita ɗaya da suka sauka. Daga tsayin mita ɗari, ƙasa da kilomita guda ke hannunka, kuma juyawa baya tana cinye wannan tsayi kafin ka ga titi. Ka riƙa tanadin wurin faɗawa tun kafin ka saki birki.

Kuma kada shimfiɗar Jazira ta ruɗe ka. Daga sama kamar fili ɗaya ne tun daga Sinnar har Hartum, amma tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ake yanka ƙasar nan da magudanan ruwa, wato tur'a, da Abu Ishirin, da Abu Sitta, kuma kowace ɗaya ta isa ta kama taya ta kifar da jirgi. Ka sauka da tsawon kunya, ba ka gicciye ta ba. Gonar da ta yi duhu an ba ta ruwa, kuma ka san laƙar ƙasarmu in ta jiƙe: ba ta sakin takalmi, balle taya. Ka ɗaure ɗamara tamau, ka rufe mai, ka ɗan buɗe ƙofa kafin ka taɓa ƙasa don kada ta maƙale.

Ka duba mai da idonka. Ka hau fuffuke ka buɗe murfi ka saka sanda. Kada ka yarda da allurar ma'aunin mai, kada ka yarda da "ai an cika". Ka tsiyayo daga ƙarƙashin kowane tanki cikin kwalba kafin tashin farko da bayan kowane zubi. Fetur ɗin jirgi shuɗi ne. Ruwa yakan kwanta a ƙasan kwalba. In ka ji warin kananzir da maiƙo a yatsa, an zuba maka man manyan jirage, kuma injin zai tashi lafiya ya mutu bayan ka bar ƙasa. Inda ake zuba mai daga duro a filin ƙasa, a lokacin damina, wannan dubawa ba ta da ranar hutu. Ka sauka da ragowar man rabin awa aƙalla da rana. Mutuwar inji don ƙarewar mai ba ƙaddarar da ta fi ƙarfinka ba ce, lissafi ne ka ƙi yi.

Ka ji tsoron zafi. A Wad Madani, da ke kusan mita 400 bisa teku, ranar da zafi ya kai digiri 45 jirgi yana ji kamar yana tashi daga tudu mai tsayin mita 1,600: iska ta yi sako-sako, inji ba ƙarfi, fuffuke ba riƙo, titi ya ƙare jirgi bai ɗagu ba. Ka tashi da sanyin safiya. Ka buɗe littafin jirgi ka lissafa tsawon titin da kake bukata, ka ƙara masa. Kuma kada ganin kujeru huɗu ya sa ka ɗauki manya huɗu da cikakken tanki da buhun sukari na tsaraba. Kawunka ne ko yayan mahaifiyarka, ka ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, nauyi ya wuce." Fushinsa na kwana biyu ne. Wani abin da ɗalibai ba sa yarda da shi sai sun gani: ƙanƙara tana toshe kafireta ko da garin yana da ɗumi, in akwai laima a iska, domin fetur na sanyaya maƙogwaronta sosai. In inji ya fara rage juyi a damina ba dalili, ka ja mariƙin ɗumama kafireta gaba ɗaya, ka bar shi ko da inji ya yi tari.

Kada ka yi tsere da habub, guguwar ƙura. Ka san shi tun kana goye: jan bango daga ƙasa har sama, a farkon damina, ya mai da la'asar dare. In ka hango shi, ka juya ka sauka a inda ya fi kusa, ka ɗaure jirgi. Kada ka shiga ƙura, ko gajimare, ko duhun da babu wata, kana da lasisin tashi da gani kawai. Da zarar ido ya rasa inda ƙasa ta haɗu da sama, kunnen ciki yana yi wa mutum ƙarya. Ka rantse a miƙe kake, alhali kana gangarawa cikin kwana. A 1954 jami'ar Ilinoi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka toshe musu gani. Dukansu jirgi ya kuɓuce musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Wannan ruɗewa ce ta kashe ɗan tsohon shugaban Amurka Kennedy a kan teku, daren 16 ga Yulin 1999. A Najeriya kuma, ranar 25 ga Oktoban 2012, gwamnan Taraba Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya faɗi da Cessna 208 a kusa da Yola. Masu bincike sun ce ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgi, ba shi da na tuƙi da na'ura, kuma rana ta riga ta faɗi. Ya rayu da rauni a ƙwaƙwalwa har ya rasu a 2017. Ban kawo sunansa don cin zarafi ba, Allah ya ji ƙansa. Na kawo ne don ka ga mulki da kuɗi ba sa ƙara wa mutum awa ɗaya ta ƙwarewa.

Kada ka tashi da zazzaɓin cizon sauro a jikinka, ko bayan ka sha maganin mura mai sa barci, ko bayan kwanan zaune a gidan biki. In azumi da zafi sun galabaitar da kai, ka ɗage darasin. Kada kuma ka miƙe ƙafa don malam yana gefenka. A Kaduna, ranar 19 ga Afrilun 2022, jirgin horo Super Mushshak na sojan saman Najeriya ya faɗi da hafsoshi biyu, duka suka rasu. Mutum biyu a jirgi ba kariya ba ce in ba a san wanda ke riƙe da shi ba. Ku faɗa da baki, "na karɓa", "na sake maka", kowane lokaci. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka yi magana. Ladabin da aka koya mana na yin shiru gaban babba yana da wurinsa, amma ba a nan ba. Ka riƙa kallon waje, domin shirwa da ungulu da shamuwa ba sa kauce wa kowa.

Saura ku iyaye da masu unguwa, domin in jiragen feshi suka dawo aiki sosai bayan yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan a Afrilun 2023, ta kan gonakinku za su bi. Ku hana yara zuwa filin sauka. Farfela in tana juyi ba a ganinta, kuma ko a tsaye take ba a taɓa ta, domin inji na iya kamawa. Ku kau da dabbobi daga titin ƙasa. Kada kowa ya tsaya a gona ana feshi, kada a wanke duron magani a zuba ruwan sha.

In jirgi ya faɗi, ku zo masa ta inda iska ke fitowa, ba mai sigari, ba mai ashana. In babu wuta, kada ku fizgo matuƙi ta hannu. Ku tallafe wuyansa da bayansa a miƙe, ku tsayar da jini. In jirgin feshi ne, abin da ya malale guba ce mai shiga ta fata. Wanda ya taɓa, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu. In ya fara dalalar da miyau, gumi na keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada a tsaya ba shi madara ko a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti, a tafi da takardar jikin duron don likita ya san abin da ya shige shi. Kada a kwashe ƙarafan jirgin, masu bincike da su suke gano abin da ya faru. Tarkacen da yaƙi ya bari kuwa, na jirgi marar matuƙi ko wanda ba a san ko mene ne ba, kada yaro ko babba ya matsa kusa. A yi wa wurin alama daga nesa, a sanar da hukuma.