Gobarar Hunturu: Jan Kunne Ga Magidantan Dogon Kiriya

Jama'a, an gama girbi, dammunan gero sun shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta taso. A ƙasar Arewa wannan shi ne lokacin gobara, domin zana da darni da jinka duk sun bushe ƙamas, tartsatsi guda ya ishe su.

Kada wanda ya ce abin yana nesa. A watan Afrilu na 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa yara fiye da 20. Waɗannan fa birane ne masu motocin kashe gobara. Mu da ke Dogon Kiriya, ko an buga lamba 18, kafin mota ta keto rairayi ta iso, gida ya zama toka. Akan ce gobara daga kogi maganinta Allah. Gaskiya ne, amma yawancin tamu daga murhu take tashi.

Uwargida, a kafa murhu nesa da zana, a yi masa ƴar katangar laka ta gabas, inda iska ke bugowa. In an sauke tuwo a kashe ragowar itacen da ruwa, kada a dogara da toka, garwashi yakan kwana da rai a ƙarƙashinta. A daina aiken yaro ɗebo wuta a maƙwabta cikin tsingaro. Kaskon jin ɗumi kuwa a fitar da shi kafin barci: ban da kama gidan sauro da yake yi, garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ƙona ko tabarma ba.

Maigida, rumbu naka ne. A nome ciyawar da ke kewaye da shi har ƙasa ta fito fili, a bar tazara tsakaninsa da na maƙwabci. Harawa da karan da aka tara wa dabbobi kada a jibge su a gindinsa. Wanda ɗakinsa ya ƙone yakan sake jinka cikin mako. Wanda rumbunsa ya ƙone sai wata damina.

Sai man fetur, wanda masu babura ke ajiyewa cikin jarkoki da kwalabe, wani har a ƙarƙashin gado. Tururinsa kaɗai yana kamawa. A keɓe masa wuri a waje, nesa da madafa da masu shan taba. In ya kama, ruwa watsa shi yake yi. Rairayi ake zuba masa, shi kuwa Allah ya hore mana shi. Man suya in ya kama a tukunya, a kife masa murfin ƙarfe.

In abin ya auku, a fara fitar da yara da tsofaffi, a yi kururuwa, kaya su biyo baya. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna a yi ta zuba mata ruwa mai tsabta, ban da ƙwai, ban da man goge haƙora, sannan a garzaya likita.

Masu gari da limamai, ku faɗa wa jama'a ranar Juma'a: kowane gida ya kwana da cikakkiyar randa da bokitin rairayi a bakin madafa.