Ciwon Dasashi In Ya Yi Nisa

Baligi haƙora 32 gare shi, kowanne a kafe cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya lulluɓe gindinsa. In ka bar dauɗa a kansu, ƙwayoyin cuta su kan taru, dauɗar ta daskare ta zama tsatsa mai tauri, wadda asuwaki ba ya iya kankarewa.

Da fari dasashi ya kan kumbura, ya riƙa jini. In ba ka kula ba, sai ya saki haƙori, mugunya ta taru, baki ya yi wari. Sa'an nan cutar ta shiga cin ƙashin, kamar yadda ruwa ya ke zaizaye gindin katanga, har haƙori ya yi girgiɗi ya faɗi. Sau da yawa ba ta zafi, kada wannan ya ruɗe ka.

To, ka tafi wurin likitan haƙori. Zai kankare tsatsar har ƙarƙashin dasashi, wanda ya lalace ƙwarai ya cire shi. Ƙashin da ya zaizaye da wuya ya komo, amma a kan tsai da cutar. Ka goge haƙora safe da dare, ka bar taba. In kana da ciwon sukari, ka lizimci magani. Ka riƙa komawa duk ranar da likita ya sa maka.